Wane Gwangwani?

Watan jiya wasu samari uku suka zo rumfata a bakin ruwan Yelwa, suka tarar na kwance wani injin jirgin ruwa mai ƙarfin doki arba'in a kan buhu. Babbansu ya ce, "Baba Mani, mu ba zama munka zo yi ba. Tura muna karatun nan naka na waya, sati biyu mun ƙware." Na ce na daina turawa. Suka dubi juna suka yi dariya, sun ɗauka rowa ce. Ban iya yi musu bayani a tsaye ba, domin ni idan magana ta yi tsawo a baki sai in rikice in bar rabinta. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri. Amma duk inda na ambaci awo a takardar nan, na duba shi sau uku.

Aikin farko da maigidana Baba Arzika ya ba ni, Allah ya jiƙansa, shi ne wanke fulogi. Na shekara ban taɓa komai a jikin inji ba sai shi. In kwance, in duba, in faɗa masa abin da na gani, sannan in goge da burushin ƙarfe. Idan bakin fulogi ya fito ja-ja kamar bayan ƙosai, inji yana lafiya. Idan baƙi ne mai danƙo, baƙin mai ya yi yawa ko kafireta tana son wanki. Idan fari ne kamar toka, to a ji tsoro, inji yana zafi fiye da ƙima. Ran da na faɗi daidai sai ya ci gaba da aikinsa. Ran da na kuskure sai ya miƙo mini fulogin ya ce, "Sake dubawa." Direbobin jirgi har yau Mani Sake-Duba suke kirana. Su suna cewa don ina ɗaure noti ne in dawo in taɓa shi sau biyu, wani lokaci har in bi jirgi cikin ruwa zuwa gwiwa in ce a tsaya.

Ba na jin kunyar wannan. Mota idan ta mutu, ka gangara gefen titi ka sauke mutane su zauna a inuwa. Jirgi idan ya mutu a tsakiyar tafki ba shi da gefe. Iska ce za ta juya shi inda ta ga dama, ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun zamanin iyayenmu suna nan a ƙasa suna jira. Shi ya sa duk injin da ya fita daga hannuna sai na rataye shi a rabin ganga cike da ruwa, na tada shi, na tsaya na ga ruwan da ke sanyaya shi yana tsartuwa ta baya. Mu fitsari muke ce masa. Injin da ba ya fitsari ba ya barin rumfata ko mai shi zai yi kuka.

Akwai abu guda da ya kamata wanda bai san sana'ar ba ya gane, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Irin injunan da muke da su ba su da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. A cikin fetur ake zuba shi, a girgiza, inji ya sha su tare. Idan baƙin mai ya kasa, fistin yana gudu a bushe har ya yi zafi ya cije, shi ne ake cewa inji ya buga. Awon da na gada shi ne: jarka mai lita ashirin da biyar, gwangwanin madara uku. Baba Arzika yana da nasa gwangwanin da ya yi wa mariƙi da waya, yana rataye a ƙusa. Shekara tara na yi a wurinsa, ban taɓa jin ya ce "na madara" ba. Cewa yake, "Miƙo gwangwani." Guda ɗaya ne a rumfar, kowa yana ganinsa.

Karatun waya ya samo asali ne daga injin Bitrus. Bitrus Bagunge ne, abokina tun muna samari, yana ɗauko mutane da albasa daga tsibirai zuwa kasuwa. Wata rana da hantsi ya kira ni daga wani gungu, wato tsibiri, mai nisa, injinsa ya ƙi tashi. Na ce ya kwance fulogi ya faɗa mini launinsa. Na ce ya buɗe ƙaramin notin da ke gindin kafireta ya tara hannu. Ya ce ruwa ne ke fitowa ba fetur ba. Muka bi abin a hankali har na ji injin ya ɗauka ta cikin waya. Da ya iso Yelwa ya kawo mini kifi, ya zauna a kan benci ya ce, "Sake-Duba, kai kullum kana tsoron mutane su mutu cikin ruwa. To ka sa wagga magana cikin waya mana, kowa shi ji. Ko so kake ka tahi da ita kabari awa maigidanka?"

Na yi kwana uku ina juya maganar, sannan na yarda. Na yanke wa wata tsohuwar jarka taga, na kafa wayar a ciki don kada ta yi rawa. Ina ɗaukar karatun ne, hoto da murya, da sassafe kafin hayaniyar bakin ruwa ta tashi. Karatun minti uku yakan cinye mini safiya biyu, domin in na saurara na ji na faɗi lambar sifana ba daidai ba sai in goge in sake. Na yi na fulogi, na wankin kafireta, na canza robar da ke jan ruwa, na warware tsohuwar komar kamun kifi daga farfela ba tare da an yanke hannu ba. Na yi na haɗa mai. A cikinsa na ɗaga gwangwanina a gaban waya, na juya shi kowa ya gani, na ce, "Jarka guda, gwangwani uku. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Bitrus ya buɗe mana zaure a waya, abin da samari ke ce wa guruf. Kafin damina ta fita ya cika har an buɗe na biyu. Mutanen Shanga, na Wara, na ƙauyukan Ngaski, har waɗanda ban san garuruwansu ba. Tun ranar farko na roƙi abu biyu. Na ce duk makanikin da ke ciki ya sa karatu guda a kan abin da ya fi sani, tunda ni ban iya komai ba, aikin giyar inji ma akwai waɗanda suka fi ni. Na ce kuma duk wanda ya gwada abin da na faɗa ya dawo ya gaya mana yadda ta kasance, ko ta yi ko ba ta yi ba. Ba kuɗi na nema ba, data ma ni ke sa wa kaina.

Babu wanda ya sa karatu ko guda. Isa, maƙwabcina a rumfa, wanda ya fi kowa sanin giya a bakin ruwan nan, da idona na gan shi yana kallon nawa na kafireta a bayan rumfarsa. Na ce masa, "Isa, yaushe za ka yi muna na giya?" Ya ce, "Kai dai Allah ya ba ka ladar, Mani. Ni in na koya wa duniya giya mi zan ci?" Masu gwadawa kuma ba su dawo ba. Abin da ake rubutawa kawai shi ne, "Baba, sai na gaba." Ƙananan ayyuka suka ragu a rumfata, tunda direba ya iya wanke fuloginsa da kansa. Wannan bai dame ni ba, don haka na yi. Abin da ya dame ni shi ne ina magana da ɗaruruwan mutane, amma ban san abin da suke ji ba.

A hanyar jirgi daga nan zuwa tsibirai akwai wuraren da ake ɗaura jarka a kan kututture don direba ya kauce. Kowa yana bi da ita. Idan iska ta tsinke guda, jirgi ashirin za su wuce ta wurin a yini, kowane direba ya lura babu, kowane ya ce na baya zai ɗaura. Takan yi wata a haka, sai ran da farfelar wani ta karye. Na san wannan halin tun ina yaro. Ban dai yi tunanin zai biyo ni cikin waya ba.

Shekarar da fetur ya yi tsada ita ce muguwar shekarata, amma ba don tsadar ba. Injuna suka riƙa zuwa a buge, yawanci daga wajen Shanga da Wara. Na buɗe na farko, na biyu, na uku, duk ciwo ɗaya: fistin ya yi zane kamar an ja shi a kan dutse, ciki a bushe. Na ɗauka jabun baƙin mai ne ya shigo kasuwa. Har na yi karatu a kan yadda ake murza mai a yatsa a gane na kirki.

Na huɗu wani direba ne ya kawo shi daga wajen Shanga, sunansa Ɗanjumma, ban taɓa ganinsa ba. Ya ɗauko mata da albasa ranar kasuwa, injin ya buga a tsakiyar ruwa, iska ta taso. Sai da suka zubar da kaya kafin jirgin ya daina shan ruwa. Buhu bakwai na wata tsohuwa ne, nomanta na rani gaba ɗaya. Wani jirgin ya jawo su, ba a rasa rai ba. Ina kwance injin yana ba ni labari. Da na ga fistin na ce, "Yaya kake haɗa mai?"

Ya ce, "Awa yadda malamin waya ya ce."

"Wane malami?"

Ya ciro ƙaramar waya mai madannai, irin wadda ba ta nuna hoto sosai, ya danna. Sai na ji muryata. Babu sallamar da nake farawa da ita, babu sunana. Jarka guda, gwangwani uku. Kada ka rage, kada ka ƙara.

Na ce, "Ina hoton?"

Ya ce, "Wane hoto? Murya ce. Wurin mai caji na saye ta, tare da waƙoƙi."

Na ce, "Nuna mini gwangwaninka."

Ya laluba aljihu ya fito da shi. Ƙaramin gwangwanin tumatir ne, wanda yaro zai rufe a tafin hannu. A wajensu shi ake auna komai da shi a bakin ruwa, shi ne gwangwani. Na ɗauko nawa daga ƙusa, na auna da ruwa a gabansa. Uku nasa ba su kai rabin uku nawa ba. Na zubar na sake aunawa, haka dai.

Ɗanjumma ya ce, "Ni da can da ido nike zubawa, ya fi haka nesa. Da na ji malam ya ce kada a ƙara, na ce ashe ɓarna nike yi, ga mai ya yi tsada."

Na ce masa ni ne malamin. Ya dube ni ya ce, "Muryarka ta fi girma a waya." Bai zage ni ba. Na sa masa fistin da zobensa daga wurina, na ba shi gwangwanin madara. Tsohuwar ban san ta ba, ban kuma san abin da zan aika mata da zai zama buhu bakwai ba.

Da na bi sawu na gane yadda aka yi. Karatu mai hoto yana da nauyi, yana cin data, ƙananan wayoyi ba sa ɗauka. Sai masu rumfar caji suka cire hoton suka bar murya, suka yanke gaisuwa don ta gajarce, suna zuba wa mutane a katin ajiya na waya. Bitrus ya ce, "To ina laifinka? Ka ɗaga gwangwani, ni na gani." Na ce Baba Arzika yana iya cewa "gwangwani" domin duk mai jinsa yana tsaye a rumfa. Ni na yi magana da waɗanda ba sa rumfa, kuma na bar kalma biyu a baya.

A ranar na sake ɗauka. Na riƙe gwangwani biyu, na ce "na madara" sau biyar, yadda ko an cire hoto maganar za ta tsaya. Na faɗi ƙarara cewa na farko yana kashe inji ga wanda ya auna da na tumatir. Na sa a zaurukan nan biyu, na rubuta a ƙasa: don Allah duk wanda ya taɓa tura na farko ga wani, ya tura masa wannan. Waya tana nuna waɗanda suka buɗe. Kusan kowa ya buɗe. Aka yi ta rubuto "Allah shi saka" da hoton hannu biyu.

Bayan sati na fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya, "Ka tura?" Wani ya ce ai kowa ya gani. Wani ya ce datarsa ta ƙare, sai ran kasuwa. Wani ya ce, "Haba Baba, mutum nawa ne a zauren? Wani zai tura." Karatun farko ya bazu ne domin mai turawa yana samun godiya. Gyara kuwa ba a gode wa wanda ya kawo shi, sai dai a ce masa, ashe kai ka turo mini abin da ya kashe mini inji. Isa ya leƙo ta kan katangar buhu ya ce, "Mu nan Yelwa mun san gwangwani. Kuma inji in ya buga, ina za a kawo shi in ba wurinmu ba?" Ya yi dariya. Ina jin wasa yake yi.

Na je wurin mai caji na bakin kasuwarmu da kaina. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera. Na ce ya goge tsohon ya sa sabon. Ya ce, "Baba, wancan shi mutane ke tambaya, gajere ne. Wanga ya yi tsawo. Kuma in na ce musu na farko da gyara, cewa za su yi na sayar musu da ƙarya." Ya yi alkawarin zai sa su duka biyun. Ban sani ba ko ya sa. Ko ya sa ma, shi ɗaya ne, kuma kowace kasuwa a bakin tafkin nan tana da irinsa.

Bitrus kaɗai ya ɗauki abin da gaske. Muka riƙa bin masu shayi muna karɓar gwangwanayen madara, in wanke, in huda, in sa mariƙi. Yana rabawa a tsibiran da yake zuwa. Amma jirginsa guda ne, hanyarsa guda.

Gab da faɗuwar damina, lokacin da iska ke fara tashi da yamma, na ɗauki buhun gwangwanaye na tafi Wara ranar kasuwa. A bakin ruwa na tarar da wani mai sayar da fetur a jarka, shi ke haɗa wa direbobi mai. Jirgi yana lodi, mata da yara da awaki da babur biyu a tsakiya. Na tsaya ina kallo. Ya buɗe jarka, ya ɗauko gwangwanin tumatir, ya zuba uku. Direban ya ce, "Anya ya isa?" Mai fetur ya ce, "Ji da kunnenka," ya danna waya. Na ji kaina ina cewa kada a ƙara.

Na matsa na yi sallama. Na ce, "Ɗana, wanga gwangwani ba shi ba ne. Na madara ake nufi. Ga shi na kawo maka."

Ya dube ni tun daga hula har silifas. "Tsoho, kai wa?"

"Ni ne mai maganar."

Waɗanda ke kusa suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "To faɗi mu ji." Na faɗa. Jarka guda, gwangwani uku. Muryata ta fito a shaƙe, ga ƙarar injuna ga kukan awaki. Mai fetur ya ce, "Ko kusa. Wancan injiniya ne na birni, ka ji yadda yake magana a natse? Kai dubi hannunka." Na ciro wayata na nuna masa sabon karatun, ga fuskata a ciki, ga gwangwani biyu. Ya kalli rabi ya miƙo mini. "Kowa ma yana iya ɗaukar kansa a waya. Baƙin mai kake sayarwa, ko? Faɗi gaskiya, Baba, ba mu hana ka neman abinci ba."

Direban yana sauri, fasinja suna ta kiransa. Na sayi kwalbar baƙin mai a wurin mai fetur ɗin, na roƙi direban ya bar ni in ƙara masa. Ya ce, "Tunda kyauta ce, zuba." Na auna da nawa, na cike abin da ya kasa, na girgiza jarkar da kaina. Jirgin ya tashi, na tsaya har na ga yana fitsari, har ya yi nisa. Da na juyo, wani jirgin ya riga ya matso yana lodi, a bayansa akwai wasu biyu. Mai fetur ya buɗe sabuwar jarka da ƙaramin gwangwaninsa a hannu. Wanda na ba shi yana kan tebur, ya zuba gyaɗa a ciki.

Tun daga ranar ban sake ɗaukar karatu ba. Jarkar da na yanke wa taga tana nan, na mai da ita wurin ajiye tsofaffin noti. Zaurukan ma suna nan, har yanzu akan rubuto, "Baba, shiru, ina na gaba?" Abin da na sa a waya ya zama na kowa, kuma abin kowa ba shi da mai sake dubawa. Ni da na yi shi ma ba ni da ikon kiran shi ya dawo.

Ku samarin da kuka zo, wannan ne dalilin. Wanda ke son sana'ar ya zo rumfa ya wanke fulogi, gwangwanin yana rataye a ƙusa inda zai gan shi kullum. Wanda kuma zai hau jirgi a ko'ina a tafkin nan, kafin ya sa ƙafa ya ce wa direba ya nuna masa abin da yake auna mai da shi. Za a yi masa dariya, ya daure. Ban ce kowa ya tura takardar nan ga wani ba, na riga na san yadda ake yi.

Yanzu ina aikina a rumfa, injuna suna wucewa a kan ruwa tun safe har la'asar. Duk injin da na ji ya yi shiru kafin ya kai gaɓa, sai in ajiye sifana in miƙe tsaye.